Kwanson Harsashi: Yadda Ake Gane Asalinsa

Kwanson harsashi shi ne gidan da ke riƙe albarushi da kan harsashi, kuma shi ne bindiga ke tofarwa bayan harbi. A ƙasashen da doka ta yarda, kamar Amurka, maharba na tara shi su sake cikawa, shi ya sa tantance baƙon kwanso ya zama fanni mai zaman kansa. A Najeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko mallakarsa ba da lasisi ba, don haka masu bukatar wannan sani a Kano su ne jami'an bincike, sai 'yan gwangwan da kan ci karo da shi cikin tarin tagulla.

Gindin kwanso ake fara dubawa. Can ake buga tambarin masana'anta, a harsashin soja kuma har da lambobi biyu na shekarar ƙira. Gicciye a cikin da'ira alamar NATO ce. OFN na nufin masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. RG da K na Ingila ne, wato Radway Green da Kynoch. Tsohuwar Tarayyar Sobiyat kuwa lamba ta riƙa sawa a madadin suna: 539 Tula, 17 Barnaul, 3 Ulyanovsk. Nan ne da yawa ke ruɗewa, su ɗauki lambar masana'anta a matsayin shekara.

Tambari kan goge, amma awo ba ya sauyawa. Kwanson AK-47 tsawonsa milimita 39 ne, na bindigogin G3 da FN kuwa 51. Na G3 ma da shaidarsa: zane-zane baƙaƙe a tsaye a jikinsa, domin cikin ɗakin harsashin bindigar tsage yake. Tsohon .303 na zamanin Turawan mulkin mallaka yana da leɓe a gindi, haka ma 7.62x54R na Rasha, kuma a ido kaɗai suna kama da juna, sai dai na Rasha ya fi kauri.

Daga nan sai a haska cikinsa da tocila. Huda ɗaya a tsakiya tsarin Boxer ne, na Edward Boxer ɗan Ingila. Ƙananan huji biyu, galibi, tsarin Berdan ne, na Hiram Berdan ɗan Amurka. Dukansu a 1866 suka yi rajistar ƙirarsu. Masu sake cikawa na neman Boxer, domin ya fi sauƙin aiki. Yawancin kwanson AK na Rasha da Sin Berdan ne, kuma ƙarfe ne aka shafe da fenti ko jan ƙarfe, maganaɗisu na kama shi nan take, ba ya kama tagulla.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai narka ƙarfe shi ne tsakiyar gindin. In babu lotsawar allurar bindiga a wurin, wato tsinken ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashe shi, ba a harba shi ba, kuma zai iya tashi a cikin wuta. Irin wannan ofishin 'yan sanda ake kai shi.