Waiwaye: Gwajin da ke nuna wa likita maganin da zai ci ƙwayar cuta

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ya san 'yar takardar nan da likita kan rubuta m/c/s a kanta, ya ce a kai fitsari ko jini ko ruwan gyambo lab, a dawo bayan kwana uku. Masu jinya da yawa kan ɗauka jan rai ne. Alhali ƙwayar cutar ce ke cin kwanakin: sai an shuka ta ta tsiro, an gane ko wace ce, sannan a haɗa ta da magunguna a ga wanda zai ci ta.

Asalin abin yana komawa 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan. Alexander Fleming ya tarar fumfuna ta faɗa cikin farantin da ya shuka ƙwayar Staphylococcus, kewayen fumfunar kuma fili ne fes, ba abin da ya tsiro. Daga nan aka samu penisilin, kuma wannan da'irar da ba komai cikinta ita ce har gobe ma'aikacin lab ke aunawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Tun a 1940, kafin penisilin ya wadata, Edward Abraham da Ernst Chain na Oxford suka gano cewa wasu ƙwayoyin bakteriya na fitar da sinadarin da ke lalata shi. Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin su saba da shi. Aka fito da methicillin domin maganin masu taurin kan, a 1961 sai ga waɗanda suka bijire masa a Ingila. Ta tabbata ke nan sanin sunan ƙwayar bai wadatar ba, dole a gwada ta jikin kowane majinyaci.

A shekarun 1950 kowane lab da nasa salon, sakamakon wannan ba ya dacewa da na wancan. Sai a 1966 Bauer da Kirby da abokan aikinsu a birnin Seattle na Amurka suka fitar da tsari ɗaya, wanda shi ake bi a yawancin asibitocinmu. Ana shafe faranti mai ɗauke da abincin ƙwayar, wanda ake kira Mueller-Hinton, da tsinke mai auduga a kai wanda aka tsoma cikin ƙwayar majinyacin. Sai a ɗora 'yan takardu zagayayyu masu faɗin milimita 6, kowace an jiƙa ta da magani ɗaya: wannan ciprofloxacin, waccan gentamicin, waccan ceftriaxone. A sa farantin cikin akwatin ɗumi a kan digiri 35 na ma'aunin Celsius na tsawon awa 16 zuwa 18. Washegari ma'aikaci ya ɗaga shi ga haske, ya kafa rula. Wata takardar za ka ga fili ya kewaye ta, wata kuwa ƙwayar ta tsiro har jikinta, ko gezau. A takardar sakamako harafin S na nufin maganin zai yi aiki, R kuma ƙwayar ta bijire. Girman da'ira shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don kowane magani da nasa ma'auni, a jadawalin da hukumar CLSI ta Amurka da EUCAST ta Turai ke sabuntawa duk shekara.

Gwajin ya kai shekara sittin ke nan, ba ya kuma buƙatar na'ura mai tsada. Abin da ke damuna shi ne yadda har yanzu bai isa ga talakan Dukku ko Ningi ba, kuma ko a birni yakan zo a makare.

Kafin mutum ya taka asibiti ya riga ya bi ta kemis. An ƙirga masa ja da yalo guda huɗu, ko ampiclox na kwana biyu gwargwadon kuɗin aljihunsa, mai zawo kuma an haɗa masa Flagyl da Septrin. Maganin bai kashe cutar ba, amma ya raunana ta yadda ba za ta tsiro a faranti ba. Sakamako ya fito babu abin da ya tsiro, 'yan uwa su ce an yi asarar kuɗi, gobe ko an rubuta gwajin ba za a yi ba. Ga kuma "maleriya da taifot" da ta zama ruwan dare. Gwajin Widal da ake dogaro da shi tun 1896 yake, yana yawan nuna taifot inda babu, kuma ba ya cewa komai game da maganin da ya dace. Shuka jini ne ke iya wannan, shi kuwa yakan ɗauki kwana biyar ko fiye, a ƙananan asibitoci da yawa ma babu shi.

Lab ɗin kansa yana da nasa ciwon. 'Yan takardun maganin sanyi suke so. In wuta ta ɗauke firji ya huce a zafin watan Afrilu, ƙarfinsu ya ragu, da'ira ta tsuke, sai a rubuta R ga maganin da zai iya warkar da mutum. Akwatin ɗumi ma in ya mutu cikin dare, aikin jiya ya tashi a banza. Likita kuma ba zai zuba wa jariri mai zazzaɓi ido har kwana uku ba, dole ya fara da hasashe, galibi allurar ceftriaxone.

Illar ta fito a lissafi. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirinta na duniya na yaƙi da wannan matsalar a 2015 tare da tsarin tattara sakamakon gwaji mai suna GLASS. Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta yi shirinta na farko na 2017 zuwa 2022, ta ƙaddamar da na biyu a 2024.

A fannin tarin fuka an nuna abin mai yiwuwa ne. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano cutar daga majina cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko ta bijire wa maganin rifampicin. An samu haka ne saboda an zuba kuɗi an kuma bi sawu. Ciwon mafitsara da gyambon tiyata da cutar jinin jarirai ba su samu irin wannan gatan ba.

Akwai aikin da ba sai an jira Abuja ba. Sakamakon da ke kwance a manyan littattafan lab, in aka tattara na shekara guda, zai nuna kashi nawa na ƙwayar E. coli ta fitsari ke jin ciprofloxacin a Gombe, nawa ke jin nitrofurantoin. Manhajar WHONET da ake wannan lissafi da ita kyauta ce, ƙa'idar kuma a samu aƙalla samfuri 30 na kowace ƙwaya. Da irin wannan jadawalin a hannu, likitan Kaltungo ko Misau da ba shi da lab zai zaɓi maganin farko bisa abin da aka gani a jiharsa.