Wai me ake nufi da barkod ne, shi ne tikitin?

Tunda lokacin hafla, wato taron kiɗa da waƙa, ya kama ba abin da kake ji a bakin matasanmu na Jidda da Riyad sai barkod, turo min barkod, na sayi barkod, wane yana da barkod biyu na sayarwa. Har a rediyo ka ji mai gabatarwa yana cewa a mallaki barkod kafin a zo ƙofa, kaman dai wani kaya ne da za ka sa a aljihu. Wannan maganar tana damuna sosai don ita ke sa ana cinye wa mutane kuɗi.

Asali barkod shi ne zanen layi-layin nan na jikin kwalin madara da mai kanti ke haskawa, yawanci lamba 13 kawai yake ɗauka. Mai kusurwa huɗun da ke fitowa a waya sunansa QR, a nan ne dai aka haɗa su duka ake ce musu barkod, musamman tun zamanin Tawakkalna, manhajar gwamnatin Saudiyya ta lokacin korona, a 2020. Injiniyan kamfanin Denso na Japan, Masahiro Hara, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a 1994 don bin diddigin kayan gyaran mota a masana'anta, yana iya ɗaukar lambobi sama da 7,000.

To abin da nake so a gane, zanen nan ba shi ne tikitin ba. Tikitinka yana rubuce can a kwamfutar masu shirya haflar, zanen lamba ce kawai da ke nuna wurinsa, kaman lambar da ake ba ka in ka ajiye jaka a wurin amana kusa da Harami, jakar tana ciki, duk wanda ya riga kai lambar shi zai karɓe ta. Na'urar ƙofa in ta haska sau ɗaya ta rubuta an shiga shikenan, na biyu ko da shi ya biya riyal ɗinsa ja za ta nuna masa.

Sai ka ga yarinya ta yanki tikiti a webook, manhajar sayar da tikiti, murna ta ɗauke ta, ta yi sikirinshot ta ɗora a status, wai ta rufe tsakiyar da emoji na zuciya don kar a sata. Ƙanwata wannan ba kariya ba ce wallahi. An gina QR ne da dabarar gyara kansa, tunda a masana'anta mai da datti na ɓata shi, a mataki mafi ƙarfi ko kusan kashi 30 cikin ɗari ya lalace yana karantuwa, shi ya sa kamfanoni ke manna tambarinsu a tsakiya kuma ya yi aiki lafiya lau, shi ya sa ma waya mai fasasshen gilashi ke wucewa a ƙofa. Zuciyar taki a tsakiyan nan ta zauna, daidai inda ake sa tambari, manyan akwatuna ukun da ke kusurwa waɗanda na'ura ke fara nema kuma kin bar su a buɗe.

Saboda irin haka aka kawo barkod mai canzawa, kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya fito da nasa a 2019, zanen yana sabunta kansa bayan 'yan daƙiƙu, hoton da ka ɗauka ɗazu ya riga ya mutu. Don haka duk wanda ya ce a WhatsApp zai sayar maka da barkod ya turo hoto, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba ko kuma ya sayar wa mutum biyar. In da gaske yake ya tura maka ta cikin manhajar ya faɗo a asusunka da sunanka, in dai masu haflar sun ba da damar hakan.

Ni ina goyon bayan mai canzawan nan ɗari bisa ɗari duk da wahalar da ya jawo. Yanzu dole manhajar ta kasance a wayarka, ka shiga asusunka tun daga gida ka buɗe tikitin ka gan shi da idonka, don wuri irin filin Banban na Riyad lokacin bikin kiɗa na Soundstorm in jama'a ta cika netwok na iya yin nauyi, ga saƙon lambar shiga da ba ya zuwa da wuri. Ka cika caji, ka ƙara hasken fuskar waya in ka kusa ƙofa. Waɗanda nake tausaya wa su ne iyayenmu masu son zuwa sauraron mawaƙi Muhammad Abdu da 'ya'yansu suka yankar musu tikiti a wayarsu su, dole sai an jira juna a bakin ƙofa an shiga tare.