Wai in likita ya bar mara lafiya ya yi magana sai ya cinye lokaci?

Jama'a an daɗe ana cewa in likita ya sakar wa mara lafiya baki to ba zai yi shiru ba, wallahi ba haka bane. A 1984 wasu masu bincike, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya a Amurka, suka ga wajen sakan 18 kacal likita ke katse mutum, abin ba daɗi, don wani da ciwon kai yake farawa, ciwon ƙirjin da ke hana shi barci sai ya ɗan saki jiki tukuna. A 2002 kuma a Basel ta Suwizalan likitoci suka ja bakinsu suka saurara, matsakaicin maganar sakan 92 ne, kashi 78 cikin 100 sun gama cikin minti 2.