Wane ne "furodusa mai zaman kansa" a tsohuwar Hollywood?

Mai karanta tarihin fina-finan Amurka yakan yi ta cin karo da wannan laƙabi a gefen sunayen wasu mutane kamar Samuel Goldwyn da David O. Selznick. A yau idan aka ce fim na masu zaman kansu ne, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ɗan ƙaramin fim mai ƙaramin jari. A shekarun 1930 da 1940 kuwa, wasu daga cikin fina-finai mafi tsada daga hannun irin waɗannan mutane suka fito.

Sai an san gidan da suka ƙi zama a ciki kafin a gane su. A wancan zamani kamfanoni biyar ne ke riƙe da wuyan harkar: MGM, Paramount, Warner Bros., 20th Century-Fox da RKO. Kowannensu shi ke shirya fim, shi ke rarraba shi, kuma yana da nasa gidajen sinima a manyan birane. 'Yan wasa da daraktoci da marubuta ma'aikata ne masu albashi, galibi kan kwantiragin shekara bakwai, kuma ɗan wasan da ya ƙi rawar da aka ba shi ana iya dakatar da shi ba ko kwabo. Mai sinima na gefe da ke son fim ɗin wani babban tauraro kuwa, dole ya sayi ƙunshi guda, mai kyau da tarkace a haɗe, sau da yawa tun bai ga ko ɗaya ba.

To, furodusa mai zaman kansa shi ne wanda ba ya cin albashin ɗaya daga cikin waɗannan gidaje. Shi zai sayi labari, ya ciyo bashin banki ko ya nemo masu zuba jari, ya ɗauko darakta da 'yan wasa, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a kan yadda fim zai fita. Manyan kamfanoni na fitar da gomman fina-finai a shekara, shi kuwa biyu ko uku sun ishe shi, don haka faɗuwar guda ɗaya na iya kai shi ƙasa. Abin da ba shi da shi shi ne sinima. Komai kyan fim ɗinsa, sai ya bi ta hannun mai rarrabawa. Wanda ya san yadda furodusoshin Kano suka dogara da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a zamanin kaset ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Shi ya sa kamfanin United Artists ke da muhimmanci a labarin. Charlie Chaplin, Mary Pickford, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith ne suka kafa shi a 1919, kuma aikinsa rarraba fina-finan waɗanda suka shirya abinsu da kansu.

Goldwyn na cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan matsayi. An haife shi a Warsaw, ya isa Amurka ba shi da komai, ya yi sana'ar sayar da safar hannu kafin ya shiga fim a 1913. Mutum ne da ba ya iya zama da abokan tarayya. A 1922 aka fitar da shi daga kamfanin da ke ɗauke da sunansa, wanda daga baya ya narke cikin MGM a 1924. Sunansa na nan a tsakiyar Metro-Goldwyn-Mayer, wato cikakken sunan MGM, har gobe, alhali bai taɓa aiki a can ba. Daga 1923 ya tsaya shi kaɗai, ba mai ba shi umarni, har zuwa fim ɗinsa na ƙarshe a 1959. Ya riƙe darakta William Wyler da mai ɗaukar hoto Gregg Toland, kuma su ne suka yi masa The Best Years of Our Lives a 1946, labarin sojoji uku da suka dawo gida bayan yaƙi, wanda ya ci Oscar na fim mafi kyau.

Amma labarin Selznick ya fi nuna iyakar wannan 'yanci. Ya bar MGM a 1935 ya kafa nasa kamfani, duk da cewa shugaban MGM, Louis B. Mayer, surukinsa ne. Da ya tashi shirya Gone with the Wind, jama'a suka nuna Clark Gable suke so ya zama jarumin fim ɗin, Gable kuwa ɗan MGM ne. Dole Selznick ya koma gidan surukin. Aka ba shi aron Gable da dala miliyan 1.25, shi kuma ya sallama rabin riba da haƙƙin rarrabawa. Fim ɗin ya fito a 1939, ya tara kuɗin da ba a taɓa gani ba, ya ci Oscar. Shekara mai zuwa Rebecca, wanda Alfred Hitchcock ya yi masa, shi ma ya ci. A 1942 Selznick ya sayar da kasonsa na Gone with the Wind, fim ɗin kuma a ƙarshe ya zama mallakar MGM.

Kada kuma a ɗauka 'yancin ya sauko kan ma'aikatansu. Selznick ya ɗaure Hitchcock da Ingrid Bergman da kwantiragi, yana ba da hayarsu ga wasu kamfanoni a farashi mai tsada, ya biya su albashinsu, ragowar ya zuba aljihu. A nan bai bambanta da Mayer ba ko kaɗan. Dogayen takardun umarninsa, masu shiga har cikin kwalliyar 'yar wasa, sun gallabi daraktoci da dama.

Gadon da suka bari ya fi fitowa a kotu. A farkon shekarun 1940 Goldwyn, Selznick, Chaplin, Pickford, Walt Disney, Orson Welles da wasu suka haɗa ƙungiyar furodusoshi masu zaman kansu, suka matsa wa gwamnati lamba a shari'ar da take yi da manyan kamfanoni. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da aka fi sani da shari'ar Paramount: aka hana sayar da fina-finai a ƙunshi, aka kuma kai ga raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. Talabijin ta zo ta ƙarasa aikin. Kamfanonin suka sallami taurarinsu na dindindin, suka koma masu ba da jari da rarrabawa, ana haɗa kowane fim daban: ga labari, ga darakta, ga tauraro, a kawo kuɗi. Wato salon da Goldwyn da Selznick suka yi a gefe shi ya zama hanyar kowa.

Dokokin da suka biyo bayan shari'ar Paramount sun yi sama da shekara saba'in suna aiki. A 2020 wata kotun tarayya a New York ta amince a soke su bisa buƙatar ma'aikatar shari'a, a daidai lokacin da kamfanoni irin su Netflix ke shirya fim, su rarraba, su kuma nuna shi a dandalinsu.