Waiwaye: yadda Birtaniya ta yi ta yankar tallafin haya, talaka ya kwana a ciki

A ƙarshen 2010, iyalan da ƙananan hukumomin Ingila suka tsugunar a masaukin wucin gadi ba su kai 50,000 ba. Zuwa 2023 sun haura 100,000, kuma adadin bai daina hawa ba. Wasu ɗakin otal guda suke ciki, uwa da 'ya'ya, babu madafi, sai tukunyar dafa ruwan shayi a kan tebur. Wanda yake son sanin yadda aka zo nan sai ya koma baya shekara arba'in.

A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da suke ciki a farashi mai rahusa. Kusan gida miliyan biyu aka sayar a Ingila tun daga lokacin, ba a kuma gina madadin yawancinsu ba. Sai dokar 1988 ta sakar wa masu gidajen haya mara, kowa ya yanka kuɗin da ya ga dama, ya kuma iya tashin ɗan haya ba tare da ya faɗi laifinsa ba. Da aka tambayi ministan gidaje, George Young, a majalisa a 1991 yadda talaka zai yi, sai ya ce tallafin haya ne zai ɗauki nauyin. Wato gwamnati ta rage gini, ta koma biyan masu gidaje. Duk sanda haya ta tashi, kuɗin tallafi ya bi ta, har ya kai kimanin fam biliyan 20 a shekara zuwa 2010.

A nan George Osborne, ministan kuɗi na gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron, ya zaro wuƙa. Tsarin da jam'iyyar Leba ta kawo a 2008 shi ne a jera gidajen hayar yanki daga mafi araha zuwa mafi tsada, tallafi ya isa biyan rabin farko. Daga Afrilun 2011 aka rage: cikin gida goma, uku mafiya araha kawai tallafin zai iya biya. Aka sa iyaka kuma, fam 250 a mako ga gida mai ɗakin kwana ɗaya, fam 400 ga mai huɗu, kuɗin da a tsakiyar Landan bai kai ko'ina ba. A 2012 aka ce duk gwauro ko gwauruwar da ba su kai shekara 35 ba kuɗin ɗaki guda a gidan haɗaka kawai za a ba su. Hatta Boris Johnson, ɗan jam'iyyarsu ta Kwanzabatib da ke magajin garin Landan a lokacin, ya fito ya ce ba zai yarda a share talakawa daga birnin ba. Ba a jima ba aka ji hukumar Newham ta gabashin Landan ta rubuta wa wata ƙungiyar gidaje a Stoke-on-Trent, birni mai nisa da Landan, tana neman ta karɓar mata iyalai 500.

Hujjar gwamnati ita ce idan tallafi ya ragu, masu gidaje za su sauko da haya dole. Ba su sauko ba. Binciken da cibiyar nazarin kuɗi ta IFS ta yi wa gwamnatin kanta ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na asarar a kan 'yan haya ta faɗa. Kashin dankali ke nan, babba ya danne ƙarami.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne abin da jama'a suka raɗa wa harajin ɗakin kwana, a Afrilun 2013. Mazaunin gidan hukuma da aka ga yana da ɗakin da ya yi masa rara, a zaftare masa kashi 14 cikin ɗari na kuɗin haya daga tallafinsa, idan ɗaki biyu ne kashi 25. Wai don ya koma ƙaramin gida, alhali ƙananan gidajen ba su wadata ba. Gidaje kimanin 660,000 abin ya shafa, kusan kashi biyu cikin uku akwai mai naƙasa a cikinsu. Akwai matar da ciwon ƙashin baya ya sa dole ta kwanta a gadon asibiti na musamman, ɗakin ba ya ɗaukar gado biyu, mijinta na kwana a ɗaya ɗakin, aka ce rara ne. Sai da suka kai Kotun Ƙoli kafin ta ba su gaskiya a Nuwamban 2016. Gwamnatin Sikotilan kuwa biya wa mutanenta giɓin take yi daga aljihunta.

Amma a ganina ba wannan ne ya fi yin ɓarna ba. Yankan da ba shi da ƙara ya fi zafi: daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da tallafin, haya na tafiya, shi yana tsaye. A ce mace mai 'ya'ya biyu tana aikin shara a ofisoshi, mai gida ya ƙara mata fam ɗari a wata. Takardar tallafinta ba ta sauya ko sisi ba. Fam ɗarin nan daga cefane za ta fito, ko daga kuɗin ɗumama gida a tsakiyar hunturu. Wata uku, huɗu, bashin haya ya taru, takardar tashi ta iso. Ta fita neman wani gida ta tarar an rubuta a talla cewa ba a karɓar masu tallafi, al'adar da sai a 2020 wata kotu a York ta ce haramtacciya ce.

Daga nan sai tufka da warwara. Da korona ta zo a 2020, ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya mayar da tallafin kan gida uku cikin goma, sannan aka sake daskarar da shi. A farkon 2023 IFS ta duba tallace-tallacen haya a shafin tallan gidaje na Zoopla ta ga ɗaya tak cikin ashirin tallafi zai iya biya. Jeremy Hunt, ministan kuɗi na lokacin, ya ɗaga shi a Afrilun 2024. Leba, wadda ta shekara goma sha huɗu tana sukar tsarin daga kujerar adawa, ta hau mulki ta bar shi a daskare a Afrilun 2025.

Ita kuwa matar can mai aikin shara, doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta nema mata wurin kwana tun da tana da yara. Abin da hukumomin Ingila suka kashe kan irin wannan masauki a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ya wuce fam biliyan biyu, kuma kaso mai tsoka ya shiga aljihun masu otal da masu gidajen haya.