Sufeton gini ya ce aikinka bai yi ba: shin dole ne ya nuna sashen dokar da aka taka?

Wannan muhawara ce da ta daɗe tsakanin sufetocin gini da 'yan kwangila a Amurka, inda yawancin jihohi ke aiki da kundayen dokar gini: IBC na manyan gine-gine, da IRC na gidajen zama na iyali ɗaya ko biyu, da NEC na aikin lantarki.

Dokar ta wajabta wa sufeto rubuta lambar sashe?

Ya danganta da jiha da kuma irin takardar. Su kansu kundayen IBC da IRC sun ba jami'in gini ikon ba da takardar saɓa doka, amma ba su tilasta masa sa lamba a kan kowane gyara da ya rubuta a wurin aiki ba. Jihohi ne ke ƙara nasu sharaɗin. A Filorida, sashe na 553.79 na dokokin jihar ya ce idan an ƙi ba da izinin gini don zanen bai dace ba, sai hukuma ta fayyace abin da ya saɓa, da babi da sashen da ta dogara da shi. A Bajiniya kuwa, mai izinin gini na iya neman a rubuta masa sashen, kuma in ya nema sai an rubuta.

In bai zama dole ba, don me zai wahalar da kansa?

Don lambar ce ke raba doka da ra'ayi. Ɗauki matakalar bene. Sufeto ya rubuta "matakala ta yi tsayi" ya tafi. Magini zai tsaya yana kallon takarda: tsayi da wane ma'auni? A IRC, tsayin kowane taki bai wuce inci 7¾ ba, wato milimita 196, faɗin wurin sa ƙafa kuma aƙalla inci 10. A IBC tsayin inci 7 ne, faɗin inci 11. Matakala mai inci 7½ ta ci jarrabawa a gidan zama, ta faɗi a ofis. Haka tsayin makarin baranda: aƙalla inci 36 a IRC, inci 42 a IBC. Sufeton da ya saba duba kantuna zai iya shiga gidan mutum da inci 42 a ransa. Da zai buɗe littafi don ya kwafo lamba, shi da kansa zai kama kuskurensa kafin a fasa kankare.

Wannan ce babbar fa'idar, kuma sufeton ne ya fi cin moriyarta. Abubuwa da yawa da ake cewa "doka ce" gado ne kawai daga tsohon maigida ko tsohon bugu.

Lambar kaɗai ta wadatar?

Ko kusa. Takardar da ba ta ɗauke da komai sai "R311.7.5.1" ba ta amfani birkila ko kafinta da komai. Rubutu mai kyau yana faɗin inda matsalar take, abin da aka auna, abin da doka ta ce, sannan sashen da shekarar bugun. Misali: "Matakalar hawa sama, taki na uku inci 8¼, iyaka inci 7¾, kuma bambanci tsakanin mafi tsayi da mafi gajarta ya wuce inci ⅜. IRC 2021, R311.7.5.1."

Shekarar ba ado ba ce. Ana sabunta kundayen duk shekara uku, lambobi kuma suna ƙaura. A bugun IRC na 2024 an sake jera babi na uku, batun matakala ya tashi daga R311 ya koma R318. Gari kuma yana iya zama kan tsohon bugu shekara da shekaru, da gyare-gyarensa na gida. Wanda ke aiki shi ne bugun da garin ya amince da shi lokacin da aka nemi izini.

Sufeto ya faɗi yadda za a gyara?

Ya faɗi abin da doka ke nema, ya bar hanyar ga magini da injiniyansa. In ya zana gyaran da hannunsa, gobe abin ya lalace, sunansa za a kira.

Mece ce hujjar sufetocin da ba sa son sa lamba?

Lokaci, da farko. Mutum na da gine-gine da yawa a rana, ba zai tsaya binciken littafi kan kowane ƙusa ba. Suna kuma cewa ɗan kwangila mai lasisi ya kamata ya san littafinsa. Sai tsoron kuskure: lamba ɗaya ta kauce, mai gardama ya riƙe ta ya manta da ainihin laifin.

Hujjar lokaci ta yi rauni yanzu, tunda manhajojin duba gini na ɗauke da jerin laifuffukan da aka fi samu da lambobinsu. Matsakaiciyar hanya ita ce: ƙananan gyare-gyare da kowa ya yarda da su a rubuta su a taƙaice, amma duk abin da zai sa a rushe aiki, a tsayar da shi, ko a ci tara, ya zo da sashensa tun ba a tambaya ba.

Idan aiki ya yi muni amma babu sashen da ya hana fa?

A duba da kyau tukuna. Sashe na 110.3(B) na NEC ya wajabta bin umarnin masana'anta wajen haɗa kayan da aka tantance, don haka takardar cikin kwali ma hujja ce. Zanen da hukuma ta buga wa hatimi shi ma hujja ne. In duk babu, sufeto na iya ba da shawara, ya rubuta ta a matsayin shawara. Ba zai kayar da aiki a kanta ba.

Ɗan kwangilar da bai gamsu ba, me zai yi?

Ya nemi sashen a rubuce, cikin ladabi, ya karanta shi har da keɓance-keɓancen da ke ƙarƙashinsa, don sau da yawa amsar na nan. In ba a daidaita ba sai shugaban ofishin duba gini, sannan kwamitin ɗaukaka ƙara. Kwamitin na sauraren ɗaya daga abu uku: an fassara dokar ba daidai ba, ko sashen bai shafi aikin ba, ko an kawo hanyar da ta kai ta doka inganci. Ba shi da ikon yafe sharaɗin doka. Duka ukun suna buƙatar a san sashen da ake magana a kai.

A Najeriya fa?

Akwai kundin dokar gini na ƙasa na 2006, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar jihar Legas da gwamnatin tarayya, tsara birane hurumin jihohi ne. Wanda ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa, abin da zai nema a ofis shi ne takardar da ta ambaci dokar jiharsa, da sashen, da kwanakin da aka ba shi.