Duba altimita (ma'aunin tsayin jirgin sama) wajen sauka da na'ura: tambayoyin da na gaji da amsawa

Yaushe zan bar 1013, saitin matsin iska na bai-ɗaya da ake tafiya da shi a can sama, in sa QNH, saitin matsin iska na yankin filin da zan sauka?

Wajen matakin canji, wato tsayin da aka ƙayyade don sauya saitin, ko tun kafin nan in dokar kamfaninku ta ce haka. Ku matuƙan biyu ku sa, ku faɗa da baki.

Altimita biyun sun yi daidai da juna. Ai shi ke nan ko?

Ina! A ranar 23 ga Mayu 2022, wani Airbus A320 daga Stockholm na shirin sauka a Faris, mai ba jirage umarni daga ƙasa ya ce musu 1011 alhali QNH ɗin 1001 ne. Matuƙan biyu suka sa, altimitocinsu suka yi daidai, jirgin kuwa yana ƙasa da hanya da kusan ƙafa 280. Ƙafa 6 ta rage su taɓa ƙasa. Ka gwada abin da aka faɗa maka da wanda ka rubuta daga ATIS, sanarwar yanayin fili da ake watsawa ta rediyo, ba wuya.

Na iso FAF (wurin fara gangarowar ƙarshe) a kan ILS (na'urar fili mai jagorar sauka da sigina), altimita ta gaza abin da ke taswira da ƙafa 120. In fasa?

To, ya danganta. Fara duba QNH. In daidai ne, tuna zafi. Taswira da matsakaicin yanayi aka lissafa ta, iska mai zafi kuma buɗewa take, sai altimita ta nuna ƙasa da ainihin tsayinka, wajen kashi 4 cikin 100 na tsayinka daga fili a kowane digiri 10 da zafin ya haura matsakaicin. A Kano cikin Afrilu, ma'aunin zafi na 40, gibin ƙafa 100 zuwa 150 ba abin tashin hankali ba ne, matuƙar ka yi lissafinsa tun a sama. Amma kada ka ɗora wa zafi komai. Da asubar hunturu wannan uzurin ya ragu sosai. Kuma wannan gwajin na ILS ne, don siginarta daga ƙasa take fitowa. A saukar Baro-VNAV, wadda ba ta dogara da siginar gangara daga ƙasa, kwamfuta da altimitar take zana hanya, QNH na kuskure zai nuna maka komai lafiya lau. In ka rasa dalilin gibin, fasa saukar, ba wanda zai ci ka tara.

Rediyo altimita fa, mai auna tazara da ƙasa ta hanyar sigina?

Tana farkawa a ƙafa 2,500, amma abin da ke ƙarƙashinka kawai take aunawa, tudu ne ko kwari. Ka san ƙasar wurin tukuna.